Yadda Ake Aiki da Ɗakin Gwaji na Haɗin Gwiwa Wajen Binciken Ciwon Daji da Maikuro'are

Na'urar da ke karanta faifan maikuro'are ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu bincike. Ga tsadar saye, ga tsadar kulawa, ga shi kuma aikin yana son hannun da ya saba. Shi ya sa jami'o'i da cibiyoyin binciken ciwon daji suke ware ɗaki guda, su zuba masa na'urori da ƙwararrun ma'aikata, kowa ya kawo samfurinsa a yi masa aiki ya biya. A Amurka, cibiyoyin da Hukumar Ciwon Daji ta Ƙasa, wato NCI, ta amince da su suna samun wani tallafi mai suna P30, kuma wani kaso nasa na riƙe irin waɗannan ɗakuna ne.

Shi faifan ɗan gilashi ne ko silikon, an dasa masa dubban gajerun zaruruwan DNA, kowanne a gurbin da aka sani. Su ne ƙugiyoyin. Sai a ɗauki RNA ko DNA na samfur, a yi masa alama da rini mai sheƙi, a zuba a kan faifan. Kowane zare zai je ya manne da ƙugiyar da ta dace da shi, sikana ta karanta hasken kowane gurbi, ta mai da shi lamba. Lokacin da Patrick Brown da abokan aikinsa suka nuna wannan dabara a Jami'ar Stanford a 1995, ƙwayoyin gado 45 na wani tsiro suka auna. Yau faifai ɗaya na ɗauke da ƙugiyoyi dubu ɗaruruwa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, na'ura ba ta ƙin samfur. Ruɓaɓɓe ko mai kyau, na wannan majiyyaci ko na wancan, duk abin da aka ba ta lambobi za ta fitar, kuma a ido lambobin duk kama ɗaya suke. Mafi yawan abin da ke gyara aikin ko ɓata shi yana faruwa ne kafin samfur ya ƙarasa ƙofar ɗakin gwajin.

Mataki na farko: tambayarka ce za ta zaɓi faifai

Ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya. In ta gagara shiga jimla ɗaya, to ba ta nuna ba tukuna.

In so kake ka san waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki da ƙarfi a cikin ƙari, waɗanne kuma suka yi sanyi, faifan RNA kake nema, irin su GeneChip da Clariom na Affymetrix, kamfanin da Thermo Fisher ya saya a 2016, ko faifan Agilent. Da irin wannan faifai Todd Golub da tawagarsa suka bambance kansar jini iri biyu, AML da ALL, a 1999, da samfurin ɓargon majiyyata 38. A 2000 Ash Alizadeh da abokansa suka nuna cewa wata kansar kaluluwa mai suna DLBCL, wadda ake ɗauka cuta ɗaya ce, ashe iri biyu ce, kuma majiyyatan kowane iri makomarsu daban. A Amsterdam kuma Laura van 't Veer ta fitar da jerin ƙwayoyin gado 70 a 2002, wanda ya zama gwajin MammaPrint na kansar mama, hukumar FDA ta Amurka ta ba shi izini a 2007.

In kuwa guntayen kuromosom da suka ninku ko suka ɓace kake bi, kamar ninkuwar ƙwayar gadon HER2 a kansar mama, ko MYCN a wata kansar yara mai suna nurobilastoma, faifan yawan kwafi za ka nema, irin su CytoScan da OncoScan. In tambarin metil da ke kan DNA ne damuwarka, wato ɗan sinadarin da ke manne masa yana iya kashe aikin ƙwayar gado, faifan EPIC na Illumina ne, mai auna gurabe sama da 850,000. A ganina nan ne maikuro'are ya fi ƙarfi a yau. A 2018 David Capper da abokan aikinsa a Heidelberg ta Jamus suka wallafa tsarin rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa da wannan faifai, kuma da aka gwada shi a kan sabbin majiyyata, ya sauya sunan cutar da aka fara ba su a kusan kashi 12 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da hanyar cikin rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa na 2021.

Akwai abin da faifai ba ya gani. Abin da ba a dasa masa ƙugiya ba, ba zai kama shi ba. Sabon sauyi a jerin DNA da babu wanda ya taɓa sani, ko musayar guntaye tsakanin kuromosom biyu ba tare da asara ba, kamar ta 9 da 22 a kansar jini ta CML, duk za su wuce shi. Irin wannan tambaya ta na'urar karanta jeri ce, kuma a fagen RNA ma RNA-seq, wato karanta jerin RNA harafi-harafi, ya karɓe yawancin aikin. Ɗakin gwaji na gari zai gaya maka haka da kansa ko da zai rasa cinikinka.

Mataki na biyu: ka je wurinsu kafin ka tara samfurin farko

Tun ran gini ran zane. Yawancin ɗakunan nan suna ba da zaman shawara na farko, kuma mutane da yawa ba sa zuwa sai sun cika firiza. A lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ka je da tambayarka a rubuce, ka nemi a zauna da manajan ɗakin da masanin ƙididdiga a lokaci guda. Ka tambaye su nawa suke so na RNA ko DNA, a wane kauri, a cikin wane ruwa. Ka tambaya ko su za su tatso shi daga naman ko kai za ka tatso. Ka ji samfur nawa suke iya yi a zubi ɗaya, da tsawon layin da ke gabanka, da abin da zai faru in faifai ya lalace a hannunsu, wa zai biya na biyu. Ka tambayi tsawon lokacin da suke ajiye fayiloli kafin su goge. Ka nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce, ka duba ko nazarin bayanai na ciki, domin sau da yawa lissafinsa daban ne, kuma farashin ɗan gida ba ɗaya yake da na wanda ya zo daga wata cibiya ba.

Sai maganar yawan samfur. Maimaita awo iri biyu ne, kuma rikita su na jawo asara. In ka raba RNA na mutum ɗaya a faifai uku, na'urar kawai ka gwada, mutumin dai ɗaya ne. Abin da ƙididdiga take so shi ne mutane daban-daban, ko ƙwayoyin da aka raina daban-daban. A gwajin ƙwayoyin kwalba, wato waɗanda ake rainonsu a ɗakin gwaji, uku a kowane ɓangare shi ne mafi ƙaranci. A ƙarin majiyyata kuwa uku ba su isa komai ba, don ƙarin wani ba ya kama da na wani ko da sunan cutar ɗaya ne, ana maganar gommai ne. In kuɗinka na faifai 24 ne, gara ka kwatanta ɓangare biyu da goma sha bibbiyu da ka raba su ɓangare shida da hurhuɗu, ka tashi ba ka amsa ko ɗaya ba.

Mataki na uku: izini

Kowane yanki na nama na wani mutum ne da ke cikin ciwo. Ka samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ka taɓa shi, ka kuma karanta takardar amincewar da majiyyata suka sa wa hannu, ka ga ko ta ba da damar nazarin ƙwayoyin gado da raba bayanan ga wasu masu bincike. In samfur zai fita daga cibiyarku, akwai yarjejeniyar miƙa kayan bincike da cibiyoyin biyu za su sa wa hannu, tana kuma iya cin watanni, don haka ka fara ta da wuri. Suna, lambar asibiti da ranar haihuwa ba sa bin samfur. Lamba kawai za ta bi shi, makullin lambar kuma ya zauna wurin wanda kwamiti ya amince masa.

Mataki na huɗu: daga ɗakin tiyata zuwa firiza

Da zarar an yanke jini daga nama, ƙwayoyinsa sun shiga ƙunci, wasu ƙwayoyin gado su kunna, RNA kuma ya fara narkewa. In ƙari ya yi awa biyu a kan tire kafin a daskarar da shi, wani ɓangare na abin da za ka auna labarin tiren ne. Ka shirya da likitan tiyata da likitan fatoloji, wato mai duba nama a maikuroskof, tun kafin ranar, a samu mai jira da tukunyar ruwan naitirojin. A rubuta lokacin da aka ciro naman da lokacin da ya daskare, samfur bayan samfur. Burin a gama cikin rabin awa.

Ruwan naitirojin yana kan digiri 196 ƙasa da sifili, daga nan samfur ya wuce firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Inda babu naitirojin, ana amfani da ruwan RNAlater: a yanka naman kada kaurinsa ya wuce rabin santimita, a nutsar da shi, ya kwana a firij don ruwan ya ratsa shi, sannan a daskarar. In aka jefa shi firiza nan take, ruwan zai daskare a waje ya bar cikin yana lalacewa.

Ga abin da ake yawan tsallakewa. Ƙari ba ƙwayoyin kansa zalla ba ne, a cikinsa akwai kitse, jijiyoyin jini, ƙwayoyin garkuwar jiki da mataccen nama. Ka sa likitan fatoloji ya yanki siririn sashe daga ainihin yankin da za a tatsa, ya rina, ya duba a maikuroskof, ya rubuta kashi nawa ne ƙwayoyin kansa. Babban aikin nan na TCGA, wanda ya tattara ƙarin majiyyata sama da 11,000 a nau'in kansa 33, ya sa sharaɗin aƙalla kashi 60 cikin 100. In naka bai kai ba, likitan zai iya zagaye wurin da kansar ta fi yawa da alƙalami a kan gilashin, a kankare nan kaɗai.

Naman da aka jiƙa a fomalin aka binne a kakin farafin, wanda ake kira FFPE, shi ya cika ma'ajiyar asibitoci, kuma shi ne ke tare da tarihin majiyyata na shekaru. Sai dai fomalin na kakkarya RNA da DNA. Ana iya aiki da shi, an ma ƙera OncoScan domin shi, amma dole ka gaya wa ɗakin gwajin tun farko, kuma kada ka kwatanta shi da daskararren nama a nazari ɗaya.

Mai aiki da ƙwayoyin kwalba kuma ya tabbatar da asalinsu ta gwajin STR, wanda ke tantance daga wane mutum suka fito, ya duba ko babu maikofilasma, wata ƙwayar cuta mai gurɓata su, a ciki. An shafe shekaru ana wallafa bincike a kan layin ƙwayoyin kwalba mai suna MDA-MB-435 a matsayin kansar mama. Wani nazarin maikuro'are na 2000 ya ga yana jeruwa tare da kansar fata ta melanoma, daga baya aka tabbatar da cewa ita ce.

Mataki na biyar: tatsa da awon inganci

In ɗakin gwajin na tatsa, ka bar musu. Hannu ɗaya da hanya ɗaya sun fi. In kai za ka yi, kayan tatsa iri ɗaya za ka yi amfani da su daga farko har ƙarshe, da safar hannu a kowane lokaci, domin sinadarin RNase da ke cinye RNA yana kan fatar kowa.

Awo uku ake yi. Na farko tsabta, a na'urar NanoDrop, wadda ke auna hasken da samfur ya sha a tsawon zango 230, 260 da 280. Rabon 260 da 280 ya kasance wajen 2.0 ga RNA, wajen 1.8 ga DNA. Rabon 260 da 230 in ya faɗi ƙasa sosai, alama ce ta ragowar gishirin guwanidin ko finol daga ruwan tatsa, kuma suna hana sinadaran mataki na gaba aiki, sai a sake wankewa. Na biyu yawa. NanoDrop na ƙirga duk abin da ya sha haske a 260, shi ya sa yakan yi ƙari, Qubit kuma rini yake amfani da shi mai kama abin da ake nema kaɗai. Ka dogara da Qubit. Faifan RNA na Affymetrix kan nemi tsakanin nanogiram 50 zuwa 500, faifan EPIC kuma wajen nanogiram 250 na DNA, amma ka ba da fiye da haka don awon da su ma za su sake.

Na uku shi ne lafiyar zaren, a na'urar Bioanalyzer ko TapeStation. Ka nemi a nuna maka zanen, kada ka tsaya a lamba. RNA mai lafiya na fitar da tsinaye biyu dogaye, 18S da 28S, na biyun ya fi tsawo, ƙasan da ke tsakaninsu da gabansu a shimfiɗe. In ya fara lalacewa, 28S ke fara rusunawa, ƙasan ya tashi da ƙananan ƙunƙuma. In ya gama lalacewa tsinayen sun ɓace, sai tudu ɗaya a hagun zanen inda gajerun guntaye suke taruwa. Manhajar na ba da makin RIN daga 1 zuwa 10, yawancin ɗakuna na son 7 ko sama. Ga FFPE makin RIN ba ya faɗin komai, DV200 ake dubawa, wato kashin guntayen da suka wuce harafi 200.

Samfurin da ya faɗi awo, ka sake tatsa ko ka ajiye shi. Na san yana da zafi, musamman in ƙarin mai wuyar samu ne. In ya zama dole a sa shi, a rubuta makinsa a jadawali, masanin ƙididdiga ya san da shi.

Mataki na shida: tsara zubi

Wannan shi ne matakin da na fi so a tsaya a kansa, don shi ne wanda ba ya gyaruwa daga baya.

Ba a gama samfur ɗari a rana ɗaya, zubi-zubi ake yi. Kowane zubi kuma na barin tambarinsa a kan lambobi: kwalbar sinadarin da aka buɗe, ma'aikacin da ya yi aikin, zafin ɗakin, har iskar ranar, tunda iskar ozon na kashe hasken jan rinin Cy5 a faifai masu rini biyu. Bambancin da ke tsakanin zubi biyu yakan fi bambancin da ke tsakanin mai ciwo da mai lafiya girma.

Ɗauki misali. Kana da ƙari 24 na waɗanda magani ya yi wa aiki, da 24 na waɗanda bai yi wa ba. Na farkon suka riga zuwa, ka kai aka yi su a watan Maris, na biyun aka yi su a watan Yuni. Sakamako ya fito, ɓangarorin sun rabu fes, ƙwayoyin gado dubu sun bambanta. To, magani ne ya raba su ko wata? Babu lissafin da zai amsa wannan, domin duk samfurin Maris na ɓangare ɗaya ne, duk na Yuni na ɗayan. Manhajar ComBat, da ake amfani da ita wajen goge tambarin zubi, tana aiki ne in kowane zubi na ɗauke da kowane ɓangare. In ba haka ba, ko dai ta goge har da abin da kake nema, ko ta bar ƙaryar yadda take. Kuɗin faifai 48 ya zama aikin baban giwa.

Maganin ba shi da tsada. Ka jira su taru. Ka cakuɗa su ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, kowane zubi ya samu rabonsa daga kowane ɓangare, maza da mata, tsofaffin samfura da sababbi. Faifan EPIC na ɗaukar samfur takwas, saboda haka huɗu daga nan huɗu daga can, gurbinsu a kan faifan ma a cakuɗe. Cakuɗawar ta fara tun daga ranar tatsa. In binciken na shekaru ne kuma jira ba zai yiwu ba, a ware RNA ko DNA guda mai yawa, a riƙa sa shi a kowane zubi don a ga yadda awon ke karkata. Kuma ka miƙa wa ɗakin gwajin tsarin a rubuce, domin in ba ka ba su ba, yadda ka jera kwalaben haka za su bi.

Mataki na bakwai: lakabi, jadawali da aikawa

Lakabin takarda na yau da kullum na ɓantarewa a sanyin firiza, tawada kuma na gogewa in alkohol ya taɓa ta. Ka buɗe akwati ka tarar da lakabi biyu a kwance a ƙasa da kwalabe biyu tsirara, shi ke nan an rasa duka biyun. Ka yi amfani da lakabin da aka yi don daskarewa, ka rubuta a murfi da kuma gefe. Sunaye su zama gajeru, haruffa da lambobi kawai, ba tazara. Abin da ke jikin kwalba ya zama daidai da abin da ke jadawali harafi da harafi, mutum biyu su duba, ɗaya na karantawa da ƙarfi ɗaya na bin jadawali.

In aikawa za a yi, a cikin busasshiyar ƙanƙara ne, da akwatin soso mai kauri wanda ba a toshe shi ruf ba, don ƙanƙarar na zama iska tana neman mafita. Jirgin sama na buƙatar alamar UN1845 ta ƙanƙarar, da UN3373 in samfurin na rukunin B ne a rabe-raben kayan da ka iya ɗauke da cuta. Ka aika a farkon mako, ka sanar da mai karɓa. Kada ka taɓa aika duk abin da kake da shi, ka raba ka ajiye rabi.

Mataki na takwas: abin da ke gudana a ciki

Nan aikinsu ne, amma sanin sa na taimaka maka karanta rahoto. Za su sake awon inganci, su tuntuɓe ka in wani samfur ya faɗi. RNA za a mai da shi DNA, a ninka, a yi masa alama, a kakkarya shi gajeru. A tsarin GeneChip samfur na kwana a kan faifai awa 16 a digiri 45 yana juyawa a cikin tanda, washegari a wanke, a rina, a karanta. Na tambarin metil kuma sai an fara jiƙa DNA da baisalfait, wanda ke sauya harafin C maras tambari ya bar mai tambari yadda yake, da haka faifai ke bambance su. Aikin hannu 'yan kwanaki ne, layi ne ke ja.

Mataki na tara: karɓar bayanai

Ka nemi ɗanyen fayiloli, CEL in na Affymetrix ne, IDAT in na Illumina ne, tare da rahoton inganci da jadawalin da ke nuna ranar kowane samfur, lambar faifansa da gurbinsa. Ka ajiye kwafi a wuri biyu tun ranar, kada kuma a taɓa na asalin.

Kafin ka nemi ƙwayar gadon da kake ɗoki, ka fara bincikar musayar samfur. Mace na nuna XIST da ƙarfi, namiji na nuna ƙwayoyin gadon kuromosom Y. In jadawali ya ce mace faifai ya ce namiji, an yi musaya a wani wuri, kuma da wuya a ce ɗaya ne kaɗai abin ya shafa. Faifan metil na ɗauke da wasu 'yan ƙugiyoyi na tantance mutum, da su ake tabbatar da cewa ƙari da lafiyayyen naman da aka ce na mutum ɗaya ne, nasa ne da gaske. Ka duba hoton faifan ko akwai kumfa ko ƙarzuwa. Sannan ka zana PCA, zanen da ke tara samfura masu kama da juna wuri ɗaya, ka yi masa launi sau biyu, da ɓangaren bincike da kuma ranar zubi. In samfura sun taru bisa rana, ka san abin da ke gabanka.

Mataki na goma: nazari

Kayan aikin kyauta ne, a manhajar R da tarin Bioconductor. Ana daidaita faifan Affymetrix da RMA, duka a lokaci ɗaya, na metil da minfi, a nemo bambanci da limma, a kuma sa zubi cikin lissafin.

Babban tarko shi ne yawan gwaji. In ka gwada ƙwayoyin gado 20,000 da ma'aunin 0.05, wato yarda da kuskure 5 cikin 100, wajen 1,000 za su fito kamar sun bambanta ko da babu bambancin komai. Shi ya sa ake gyara da hanyar Benjamini da Hochberg ta 1995, wadda ke taƙaita kason sakamakon ƙarya a cikin abin da ya fito. Ka duba girman bambancin kuma, ba ƙarfin lissafi kaɗai ba. In kana gina jerin da zai yi hasashen makomar majiyyaci, samfuran da ka gina shi da su ba za su zama alƙalansa ba. A ware wasu tun farko, a kulle su, sai an gama a gwada sau ɗaya.

Ka kiyayi Excel. Yana mai da sunayen ƙwayoyin gado irin SEPT2 da MARCH1 su zama kwanan wata, ba tare da ya tambaye ka ba. Wani bincike na 2016 ya samu wannan kuskure a kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗa jerinsu a Excel, har kwamitin raɗa sunaye ya sauya wa wasu suna a 2020. Kowane mataki na nazari a rubuta shi a fayil ɗin umarni wanda wani zai iya sake gudanarwa ya samu abin da ka samu.

Dalilin wannan tsanani ya bayyana a Jami'ar Duke. A 2006 aka wallafa jerin ƙwayoyin gado da aka ce suna hasashen maganin da zai yi wa majiyyaci aiki. Keith Baggerly da Kevin Coombes na cibiyar MD Anderson suka yi ƙoƙarin maimaita lissafin, suka tarar jerin ya zame da layi ɗaya, an kuma juya lakabin masu jin magani da marasa ji. A lokacin an riga an fara zaɓa wa majiyyata magani da jerin. Sai a 2010 aka rufe gwaje-gwajen guda uku, aka janye maƙalun daga baya.

Mataki na ƙarshe: tabbatarwa da ajiya

Ka zaɓi kaɗan daga manyan sakamakon ka tabbatar da su ta wata hanya, qPCR mai auna ƙwayar gado ɗai-ɗai ga RNA, rinin furotin a kan sashen nama, ko FISH mai haska guntun kuromosom a maikuroskof ga yawan kwafi. In an samu sabbin majiyyata da za a gwada a kansu, ya fi. Sakamakon ɗakin bincike ba na yanke wa majiyyaci magani ba ne sai an tabbatar da shi a ɗakin gwajin asibiti mai lasisi.

Yawancin mujallu ba za su karɓi maƙala ba sai an ɗora bayanan a rumbun intanet na GEO ko ArrayExpress, bisa ƙa'idar MIAME ta 2001, wadda ke neman ɗanyen fayiloli, waɗanda aka daidaita, bayanin kowane samfur da hanyar aiki. Bayanan da za a iya gane mutum da su, kamar na faifan SNP mai karanta haruffan DNA da suka bambanta mutum da mutum, suna zuwa rumbun da sai da izini ake shiga, irin dbGaP ko EGA. Ka ambaci ɗakin gwajin da lambar tallafinsa a sashen godiya, don da wannan suke kare kasafinsu a gaban masu ba da kuɗi. Ma'aikacin da ya sa hannu a tsara binciken ko fassara sakamako, sunansa ya shiga cikin marubuta. Ragowar RNA da DNA kuma ka karɓo su kafin wa'adin ajiyar ɗakin ya cika, ka mai da su firiza da lambobinsu na asali, ka rubuta sau nawa aka narkar da kowanne.